Muryar Mama a Bakin Bature

Tun da aka yi wa Mama aikin maƙoƙo a asibiti, gidanmu na Anguwan Rogo a Jos ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Aikin ya yi kyau, amma murya ta tafi. Likita ya ce ta yiwu ta dawo bayan watanni, ta yiwu kuma shi ke nan. A wani gidan da sai a ce Allah ya kyauta, a kawo takarda da biro. A namu kuwa maigidan makaho ne.

Babana, Malam Jika, tsohon malamin makaranta ne, idonsa ya rufe tun ina firamare. Mama Lai'atu kuwa Allah ya yi ta da baki, ko kaza ce ta gitta sai ta sha faɗa. Da muryarta Baba yake sanin gari ya waye, da ita yake sanin tana tsakar gida ko madafi, da ita yake sanin hularsa ta karkace. Yanzu ga ta zaune kusa da shi a kan tabarma, amma a wurinsa kamar ta yi tafiya.

Sun gwada tafi: ɗaya na nufin e, biyu a'a. Amma wa ya taɓa ganin Mama ta amsa tambaya da e kawai? Sai aka koma takarda, tana rubutawa ina karanta masa. A nan aka samu matsala, domin ni Amatullahi 'yar fari ce, ko sunana Mama ba ta kira. Sai ta rubuta, "Ki ce wa tsohon nan ya daina zaman makoki, ban mutu ba." Ni kuma kunya ta kama ni, in ce, "Baba, ta ce ka yi haƙuri, tana samun sauƙi."

Mama ta harare ni. Baba kuwa ya ce, "Wannan ba maganarta ba ce."

Daga nan ya sa wa ransa cewa ɓoye masa ake yi. Ko ciwon ya fi yadda aka faɗa, ko ya taɓa mata hankali, in ba haka ba yaushe Lai'atu ta koyi ba da haƙuri? Ya fara barin tuwo, ya bar kunu, rigarsa ta soma yi masa yawa. Na ji tsoro ƙwarai. Mama na warkewa, shi kuma yana narkewa a gabanmu.

A ɗakin Baba akwai wata tsohuwar kwamfuta da wata ƙungiyar taimakon makafi ta ba shi tun farkon shekarun casa'in. Tana da ɗan akwati a gefe mai karanta duk abin da ke kan allo da muryar Bature mai mura, shi ya sa Baba yake kiran kwamfutar gaba ɗaya Bature. Hausar Bature abin dariya ce, amma kunnen Baba ya daɗe da sabawa. Wata safiya Mama ta ja kujera za ta buga masa magana da kanta, sai ta tsaya turus. Shekara da shekaru yatsun Baba sun suɗe haruffan madannan tas, ba A ba Ba. Shi ina ruwansa, ai ba dubawa yake ba. Na zaga kasuwa neman wasu madannan masu irin bakin wayar da ke shiga Bature, aka yi ta yi mini dariya.

Sai Mama ta ƙwace laftof ɗin da nake aiki da shi. Kwana da kwanaki tana bugawa da yatsa ɗaya, in na matso ta kare allon da mayafi. Da ta gama ta nuna laftof, ta nuna ɗakin Baba. Na gane so take Bature ya karanta wa Baba abin da ta buga. To, ta yaya? Bature ba shi da ramin filash, ramin faifansa kuma ya daɗe da mutuwa.

Na tafi wurin Alphonsus, mai gyaran kwamfuta a kusa da kasuwar Taminus, wanda Baba ya koyar a aji shida. Tun rikicin da aka yi shekara biyar baya bai sake taka unguwarmu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na zayyana masa komai ina tsammanin zai ce in ɗauko kayan in kawo shago. Sai ya rufe akwatin aikinsa ya ce, "Malam ne? Mu tafi."

Da ya gaida Baba, Baba ya ce, "Alphonsus mai cin ƙosai a aji?" Mutum da furfura a gemu ya durƙusa yana dariya. Ya leƙa bayan Bature ya kaɗa kai.

"Kai, Malam, wannan kwamfuta ya sha miya. Amma akwai hanya. Ga rami ɗaya nan, siriyal. Laftof ma yana da shi. Za mu ja waya daga nan zuwa nan, saƙo ya bi a hankali, harafi bayan harafi."

Ya jona wayar, ya danna nan ya danna can. Shiru. Ya sake, shiru. Baba na zaune bakin gado ya karkata kunne, Mama na kan tabarma rungume da laftof. Alphonsus ya kwance kan wayar ya duba, ya yi tsaki.

"Na gani. Su biyu duka suna magana ta layi ɗaya, babu mai saurare. Dole bakin wannan ya tafi kunnen wancan."

"Haka taron malamai yake," in ji Baba. Rabon da in ji ya yi ba'a tun kafin a kwantar da Mama.

Alphonsus ya sauya wa siraran wayoyi biyu wuri, ya liƙe su da dalma, ɗakin ya cika da ƙauri. Aka sake gwadawa. Nan take Bature ya ɓarke da wani yare da ba na mutane ba, ƙiƙi-ƙaƙa, ba kai ba gindi. Na ga fuskar Baba ta faɗi. Mama ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

"No wahala," in ji Alphonsus. "Laftof yana gudu da yawa. Yaro ne, dole ya rage sauri ya jira tsoho."

Ya rage gudun, ya daidaita su. Sai ga wasu lambobi suna hawa a kan allon Bature, a hankali kamar tafiyar hawainiya. Ruwan Agusta ya sauko a kan kwano, sanyin Jos ya shigo ta taga. Ni addu'ata ɗaya, kada a ɗauke wuta. Can lambobin suka tsaya.

"Ya shiga," in ji Alphonsus. "Kuma na bar hanya a buɗe. In wannan ya ƙare, duk abin da Mama ya buga zai fito nan take."

Baba ya lallaɓa ya zauna gaban Bature. Yatsunsa suka sami wurinsu, ya danna.

"Malam," in ji Bature ta hanci, "ban mutu ba. Kuma 'yarka ba ta iya saƙo ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bature kuwa ko a jikinsa, shi bai san kunya ba.

"Ka bar tuwo, ka bar kunu. Wa kake yi wa yaji? Ni da aka yanka a wuya ina ci, kai da ba a taɓa ba kana rama. Kuma hularka a karkace take tun ranar Juma'a, na gaji da kallonta."

Hannun Baba ya tafi kansa. Ya taɓa hular, bai gyara ba. Ya ce, "Ita ce. Wallahi ita ce."

Bature ya ci gaba: "Ranar da za a shiga da ni ɗakin aiki, ba mutuwa na ji wa tsoro ba. Abin da na tuna shi ne..."

Baba ya danna wani madanni, muryar ta tsaya cak. Ya yi gyaran murya irin ta aji.

"Amatullahi, ki kai baƙo zaure ki ba shi shayi."

Muka fita, na jawo ƙofa. A zaure Alphonsus ya riƙe kofi bai sha ba, yana murza ido, wai hayaƙin dalma ne. Ta cikin ƙarar ruwa muna jin gunagunin Bature, ba ma rarrabe kalmomin, kuma ban yi ƙoƙari ba. Aka daɗe. Sai shiru. Sai muryar Baba ƙasa-ƙasa, sai Bature ya amsa a taƙaice, sai Baba ya ɗaga murya, "A'a, ba haka aka yi ba, ke ce kika fara!" Bature ya katse shi da wata doguwar magana, harafi na bin harafi da saurin yatsa ɗaya, Baba kuma yana jira har ta kai aya. Faɗa suke yi. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ran nan ba, ina zaune ina kuka ina dariya.

Can Baba ya ƙwala kira, "Amatullahi! Akwai sauran tuwon jiya?"

Kafin in amsa, Bature ya riga ni. Wannan karon na ji kowace kalma.

"Ki ɗumama masa duka. Ina nan zaune sai ya cinye."