Hula a Kan Ƙusa

A ofishin tsara ƙidayar jama'a babu mai kiransa da sunansa. Sai-an-gani ake ce masa, tun daga Ciyaman har mai shara, domin shi ya kawo dokar da aikin gaba ɗaya ya tsayu a kanta: kada mai ƙirga ya ƙirga kowa sai wanda ya gani da idonsa, ya kuma shafa masa tawada a farcen babban yatsa. A ƙidayar baya, wadda aka soke, an ƙirga matattu, an ƙirga cikin da ba a haifa ba, har akwai unguwar da mutanenta suka fi bulon gidajenta yawa. Shi kuwa mutum ne da ƙarya ke hana shi sakat ko da wani ne ya yi ta. Ranar da kwamiti ya amince da dokarsa, ya dawo gida yana jin kamar ya wanke ƙasar da sabulu.

A gida kuwa akwai Inna, akwai kuma ɗakin Yaya.

Yaya wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fita neman aiki tun Sai-an-gani yana ɗan makaranta, bai dawo ba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi. Inna ta hana a taɓa ɗakin. Ita ke share shi, ita ke canza zanen gado, ta fito da takalmansa su sha iska ta mayar. Matar Sai-an-gani ta taɓa tambaya ko za ta ajiye keken ɗinkinta a ciki, sai da ta daɗe tana gaisuwa ana amsa mata da hanci.

Da Inna ta ji batun ƙidaya a rediyo, ta kira ɗanta ta ce tana so a ƙirga yayansa. Ta ce inda yake ɗin wataƙila babu wanda ya san shi balle ya nuna shi, kuma idan har gwamnati ta lissafa shi, to yana cikin ƙasar ke nan. Sai-an-gani ya durƙusa ya yi mata bayanin doka a hankali, kamar yadda yake yi wa sababbin ma'aikata. Ta tambaye shi wa ya yi dokar. Ya ce kwamiti. Matarsa ta yi tari daga kicin.

Inna ta ce, "To, ka gaya wa kwamitin, shi ma uwa ce ta haife shi."

Daga ranar ta daina ce masa Auta. Idan ya shigo gaishe ta, sai ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe, an dawo?" Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya kan tsaya a ƙofar ɗakinta da maganar da ya shirya a hanya, ya ga babu inda za a sa ta, ya juya.

A ofis aiki ya kankama. Mai taswira ya manna ƙasar a bangon ɗakin taro yana yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane yanki daidai abin da mutum ɗaya zai iya zagayawa da ƙafa. Aka kafa kwamitin allin da za a yi wa ƙofofi alama, aka kafa ƙaramin kwamitin tawada, wanda ya rabu gida biyu kan ko shuɗiya ko baƙa. Aka aika jiragen ruwa wani yanki saboda wani shuɗin layi a taswira, daga baya aka gane alƙalamin mai taswira ne ya yi yoyo. Duk wannan bai dami Sai-an-gani ba. Wauta ba ƙarya ba ce, in ji shi, ana iya zama da ita.

Sai aka zo gwaji. Aka zaɓi unguwa ɗaya, aka ce kowa ya zauna a gida ranar, aka saki masu ƙirga. Da sakamako ya fito, mai lissafi ya shigo ɗakin taro yana sosa ƙeya, ya ce wannan unguwa abin tausayi ce, yara ne fal babu iyaye. Aka bincika. Ashe unguwar malaman makaranta aka zaɓa, kuma malaman makaranta aka ɗauka aikin ƙirga. Suna can suna buga ƙofofin mutane, aka zo ƙofofinsu ba a gan su ba.

Mai lissafi ya ci gaba da cewa ranar ƙidayar gaske haka za ta kasance a duk ƙasar: masu ƙirga, masu duba masu ƙirga, direbobi, masu gadi, masu ɗaukar waya, har da kwamitin kansa, babu wanda za a samu a gida.

Ciyaman ya cire tabarau. "Wato ni ma ba na cikin ƙasar?"

Aka shiga kawo shawara. Wani ya ce a ɗauki wasu ma'aikatan su ƙirga masu ƙirga, mai lissafi ya tambaya wa zai ƙirga waɗannan, aka harare shi. Wani ya ce su ƙirga juna in sun haɗu a titi, mai taswira ya ce titi ba ya cikin yankin kowa, shi ne iyaka. Ya ƙara da cewa sai dai a raba musu madubi kowa ya ga kansa. Da wasa ya faɗa, amma sakatare ya riga ya rubuta, sai da aka tattauna batun madubin har lokacin cin abinci. Daga ƙarshe wata mata daga sashen horarwa ta ce a bar iyalin ma'aikaci su faɗa da baki mana, ai sun san yana nan.

Sai-an-gani ya miƙe. Ya ce ranar da aka yarda da baki, ranar matattu za su dawo layi. Dole ido ya ga wani abu. Yana magana yana jin muryar Inna a kunnensa, sai ya ƙara ɗaga tasa muryar.

Akwai wani mutum da ke zama a ƙarshen tebur a kowane taro, babu wanda ya san da wane matsayi, sai dai an san surukin Ciyaman ne kuma shi aka ba kwangilar hulunan ma'aikata. Ya gyara murya ya ce abin ai mai sauƙi ne. A ba kowane ma'aikaci hula biyu. Ɗaya a kansa, ɗaya ya rataya a ƙusa a gida. Mai ƙirga ya ga hula, ya tambayi ta wace ce, ya ɗiga mata tawada, ya ƙirga mai ita.

"Ido ya gani, doka ta cika," in ji shi.

Kowa ya juya ya dubi Sai-an-gani. Ya juya maganar ta kowace fuska yana neman inda ƙaryar take, bai samu ba. Hula ɗaya, mutum ɗaya. Duk da haka jikinsa bai ba shi ba, domin a iya saninsa abin da ba ƙarya ba kuma ba gaskiya ba ya fi ƙarya wuyar kamawa. Amma ba shi da wata dabarar, kuma abinci na hucewa. Ya ɗaga hannu.

Kafin ranar ta zo an fara ganin hulunan a kasuwa, a kan masu tura baro da masu sayar da rake. Aka kafa kwamitin hatimi, aka buga wa na gaskiyar hatimi a ciki.

Da safiyar ƙidaya Sai-an-gani ya buga ƙusa a bangon falo, ya rataya hularsa ta biyu, ya nuna wa matarsa hatimin, ya maimaita mata abin da za ta ce. Inna na zaune a bakin ƙofarta tana kallo. Ya yi mata sallama. Ta ce a dawo lafiya, ranka ya daɗe.

Yinin ranar a kan waya ya yi shi. Can tawada ta bushe, can an aika alli babu masu ƙirga, can wani mai gida ya rataya huluna a igiyar shanya kamar kifi. Ya warware abin da zai iya, ya bar wa kwamiti sauran. Da yamma ya dawo ta titunan da babu kowa, kowace ƙofa da alamar alli, ya ji wani irin daɗi da ya daɗe bai ji ba.

Yana shiga falo ya ga ƙusa tsirara.

Matarsa ta fito da farce mai tawada, ta nuna ɗakin Yaya da haɓa, ta ba shi labari ƙasa-ƙasa. Wata malama ce ta zo, ƙafafunta duk sun kumbura don tafiya. Ta ƙirga Inna, ta ƙirga ta, ta ƙirga yara. Ta tambaya ko akwai hula. Kafin ita matar ta buɗe baki, Inna ta ce akwai, ta ja malamar zuwa ɗakin. Ga hula a kan matashin kai. Malama ta duba hatimi, ta tambayi ta wace ce, Inna ta faɗi sunan Yaya da shekarunsa ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Da aka tambayi sana'arsa, ta ce yana kan hanya, malama ta ce wato direba.

Ya tambaye ta ita me ta ce.

"Ni suruka ce a gidan nan, ba kwamiti ba," in ji ta. Ta ƙara da cewa malamar ta tambaya ko akwai saura, Inna ta ce akwai ƙaninsa, amma ba ya nan, kuma doka ta ce sai an gani. Malama ta yaba mata, ta ce da kowa ya san doka kamar wannan tsohuwa da aiki ya yi sauƙi.

Ya tura ƙofar ɗakin. Inna na zaune a bakin gadon, hular na gefenta da ɗigon tawada a goshi. Fuskarta a sake, irin yadda ya manta tana iya zama.

"Auta, ka dawo? Zo ka zauna, ka sha wuya yau."

Ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Inna, hulata ce."

"Na sani. Kai kullum ina ganinka. Ba sai gwamnati ta gaya mini kana nan ba."

Ta sa aka kawo masa abinci nan ɗakin, ta zauna tana kallonsa yana ci, tana tura masa nama gabansa kamar yaro.

Kwamiti ya ware rana guda ta cike giɓi, don duk wanda aka tsallake ya kawo kansa a ƙirga shi. Aka ajiye tebur a ƙarƙashin bishiyar harabar ofis, da kwalbar tawada da ma'aikaci. Tagar Sai-an-gani na kallon teburin, kuma tun safe bai iya taɓa aikin komai ba.

Idan ya sauka ya miƙa yatsa, an ƙirga shi, amma ƙasar ta ƙaru da mutum ɗaya da babu wanda ya gani, kuma da hannunsa. Idan ya je sashen gyara ya ce a cire Yaya a sa shi, daƙiƙa kaɗan ne aikin, sai dai sashen ba ya gyara sai ya aika mutum gidan ya tabbatar, a gaban Inna, a ɗakin. Idan kuma ya yi shiru, jimillar ƙasa ta fita daidai, ba ƙari ba ragi. Gida ya ba da hula ɗaya, an ƙirga namiji ɗaya. To ina ƙaryar take? Ya san tana nan. Yana jin ta kamar tsakuwa a takalmi. Amma duk inda ya taɓa don ya cire ta, sai ya ga Inna ce za ta taka. Ya kuma tambayi kansa abin da bai taɓa tambaya ba: shi da ya hana a ƙirga Yaya don ba a gan shi ba, ya ga gawarsa ne?

Layin ƙarƙashin bishiya ya yi tsawo, ya gajarce, ya ƙare. Ma'aikacin ya rufe kwalbar tawada, ya ɗaga kai ya ga Sai-an-gani a taga, ya yi masa alama ko akwai saura. Sai-an-gani ya ɗaga masa hannu kawai. Aka ɗauke teburin.

A taron rufe aiki Ciyaman ya yi jawabi mai tsawo. Ya gode wa kwamitin alli, da ɓangarori biyu na kwamitin tawada, da surukinsa. Ya ce a karon farko an ƙirga kowa, ba a ƙirga wanda babu ba, kuma duk albarkacin mutum ɗaya ne wanda ko a mafarki ba ya ƙarya. Aka tafa. Ya dafa kafaɗar Sai-an-gani, ya ce cikin raha, don mutane su ji:

"Kai fa, mai doka? An dai ƙirga ka ko?"

Sai-an-gani ya ce:

"An ƙirga hulata, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya, aka sake tafawa, sakatare ya rubuta.

Da ya koma gida ya ɗauko guduma zai zare ƙusar falo. Inna ta leƙo ta ce ya bar ta, Auta, in yayansa ya dawo zai samu wurin rataya riga. Ya mayar da gudumar inda ya ɗauko ta.