Uban Baftismar Jikar Eduviges

Doña Eduviges ta daɗe a duniya, ta san mai arziki ba ya sunkuyawa sai ya ga abin ɗauka a ƙasa. Shi ya sa da surukarta Yesenia ta shigo da murna tana cewa Don Arístides, manajan masana'antar ɗinkin riguna, shi zai zama uban baftismar jaririyarsu, tsohuwar ba ta ɗaga kai daga wainar masarar da take gasawa ba.

"Yaushe?"

"Lahadin nan, Mama."

"Taron majalisar gari fa?"

"Bayan Lahadi. Kai Mama, ke komai sai kin shinshina shi!"

Masana'antar ta baƙi ce, rigunanta ƙetare suke tafiya, kuma tun da aka kafa ta ba ta taɓa biyan garin haraji ba. An yafe mata, wai don ta kawo aiki. Yanzu wa'adin yafiyar ya cika, tana neman ƙari, asibitin gari kuwa ko auduga babu. Ƙungiyar ma'aikata ta coci ta zaɓi Fulgencio, ɗan Eduviges kuma mijin Yesenia, mai yankan yadi, ya tashi gaban majalisa ya ce a'a.

To amma a garin nan wanda ya riƙe maka ɗa a wurin baftisma ya zama kompadre, ya wuce ɗan'uwa. Ba a ɗaga masa murya, ba a ƙaryata shi cikin mutane. Ko mashaya sun san wannan.

Eduviges ta je wurin Fada Casimiro, limamin cocinsu, wanda makon jiya ya yi wa'azi cewa hana haraji sata ce daga bakin matalauci.

"Doña, Ikilisiya ba ta koyar da gaba tsakanin ma'aikaci da mai gida," in ji Fada. "Wataƙila Allah ne ya taɓa zuciyar mutumin."

"Allah ya iya lissafin kwanaki ke nan, Fada. Ya taɓa ta daidai kan gaɓa."

Washegari da hantsi, Fulgencio na wurin aiki, Yesenia ta tafi kasuwa ta bar mata jaririyar. Yarinyar ta yi tari sau ɗaya. Eduviges ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabcinta kira, tsoho Nicanor mai gyaran takalma.

"Nicanor, wanke hannun nan naka ka zo. Yarinya ba lafiya."

"Wannan? Ai ta fi ni lafiya, tsohuwar kura."

"Kowa ya fi ka lafiya. Riƙe ta."

Kaka tana da ikon zuba wa jariri ruwa a gida idan ta ji tsoron mutuwa, haka iyayensu suka yi tun kafin garin ya sami Fada. Ta kunna kyandir, ta ɗebo ruwa a kofi, ta zuba a goshin yarinyar da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ta faɗi kalmomin dalla-dalla don kada wani ya ce an yi kuskure. Ruwan baftisma ba a maimaita shi, kuma wanda ya riƙe ya riƙe: Nicanor ne uban baftisma.

Da yamma Yesenia ta yi kuka har ta gaji. Fulgencio ya zauna bakin ƙofa yana kaɗe zaren da ya manne wa wandonsa, zaman nan nasa kuwa ya fi kukan damun tsohuwar.

"Na cire maka ƙaya, kai kuma ka zauna kamar an yi maka mutuwa."

"Mama, ba manaja ne ya nema ba."

"Me ka ce?"

"Ni na je ofishinsa na roƙe shi. Da an yi, sai in ce wa ƙungiya bakina a ɗaure yake, babu mai zagina. Ga aikina, ga mutuncina. Yanzu me zan ce musu?"

Ta dube shi. Duk kwanakin nan manaja take wa kallon ɓarawo, ashe ƙofar daga ciki aka buɗe ta.

"Ka ce musu abin da ka ce za ka faɗa."

"In an kore ni, wa'azin Fada za mu dafa?"

Ta tashi ta je ta ɗauki jaririyar.

Ranar taron Fulgencio ya tashi. Ya yi maganar asibiti da ta haraji har ƙarshe. Don Arístides ya saurara da murmushi, har ya ba shi hannu a bakin ƙofa. Kafin wata ya mutu aka ce masu yanka sun yi yawa a masana'anta.

Yanzu Fulgencio lemo yake sayarwa a tasha. Yana gaishe da uwarsa kullum da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.