Yana Zuwa

Su biyar ne a kan bencin ƙofar kantin Oga Linus, kowa riƙe da takardarsa, kuma mutum ɗaya za a ɗauka ya tsaya bayan kanta yana karɓar masu saye. Afiniki ce babbarsu, ita ce kuma ta fi kowa tsoro. 'Yan'uwan mijinta a Godogodo sun riga sun yanke magana: in ba ta sami aiki a Kafanchan kafin Kirsimeti ba, za ta koma ƙauye, a raba 'ya'yanta uku tsakanin gidaje.

Linus ya dawo daga Gabas bayan yaƙin basasa, ya sake buɗe kantin da fitilu da batura da kayan keke. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Sai da ya karanta takardar shaida daga faston kowa, ya sa kowa ya karanta rubutun jikin kwali da Turanci, ya gaida shi da Hausa da yaren Kaje. Uku suka faɗi tun nan. Saura Afiniki da Roseline, wata yarinya mai bakin zuma da ta gama firamare bara.

"Saura tes ɗaya," in ji Linus. "Ni ne kwastoma. Ina son gilashin fitila, kuma ya ƙare. Me za ki gaya mini?"

Roseline ta yi murmushi. "Yana zuwa, ranka ya daɗe! Jirgin ƙasa na Laraba zai kawo."

Linus ya gyaɗa kai, don dokar kantinsa ke nan. Ba a cewa babu, kada mai saye ya tsallaka wani shago. Ya juya ga Afiniki.

"Babu, Oga," ta ce. "Ya ƙare."

"Madam, ba haka ba. Ki ce yana zuwa."

"In gaske yana zuwa, zan faɗa."

"Kalma biyu ne kawai! Kowa a kasuwa yana faɗi."

Afiniki ta san abin da take jefarwa. Ta buɗe baki don ta faɗa, wallahi ta yi ƙoƙari, amma maganar ta ƙi fita.

"Oga, maigidana Meshak ya tafi soja. Yaƙi ya ƙare, bai dawo ba. Shekara huɗu ina hawa jirgi, ofis zuwa ofis, kowace taga na je sai su ce, Madam, koma gida, yana zuwa. Sun sani tun farko cewa ya mutu, ba wanda ya gaya mini. Ni ba zan iya aika mutum gida da wannan magana ba, ko a kan gilashi."

Linus ya daɗe yana kallon kwalayen da ke kan katako. Tausayi ya kama shi sosai, amma tausayi bai taɓa sa shi canza doka ba, kuma kanti sai da ciniki. Ya tattara takardunta ya miƙa mata da hannu biyu.

"To, Madam, je ki gida. Sakamako yana..."

Ya tsaya. Ya dube ta ido cikin ido.

"Babu, Madam. Roseline na ɗauka."

Afiniki ta durƙusa ta karɓi takardun.

"Na gode, Oga," ta ce. "Allah ya sa maka albarka."

Daga nan ta wuce tasha ta tambayi ranar da motar Godogodo ke tashi.