Amsar Hansatu Ta Maƙale a Hanya

Daren jiya na yi wani mafarki mai tsawo, ga yadda ya kasance.

Na ga kaina a jami'ar da na shekara ashirin da shida ina koyar da labarin ƙasa. Ginin nan ne dai, da matakalarsa mai tsaga a hawa na uku, sai dai ajin babu mutum ko ɗaya. A kan kowace kujera an jingina wata 'yar baƙar taga kamar fuskar waya, da suna a ƙasanta. Ɗalibaina ke nan. Ban yi mamaki ba, domin ko a farke haka nake ganinsu a kwamfuta shekara huɗu ke nan. Na yi sallama. Muryata ta tsaya a bakin ƙofa tana jujjuyawa, sai da na zauna na sha ruwa sannan ta ƙarasa cikin ajin.

A waje ana ruwa. Daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama, kowa ya tattare riga ya riƙe lemarsa ta wajen ƙafa.

Sai ga ni a ofishin jarrabawa. Wani bunsuru ne shugaban ofishin, da tabarau da biro uku a aljihu. Akuyoyi biyu suna gefe suna buga kwamfuta da kofato.

"Dokta Tanimu," in ji shi, "ɗalibanka ɗari uku da goma sha biyu sun rubuta jarrabawa ta intanet. Amsa ɗari uku da goma sha ɗaya ta iso."

"Ɗayar fa, ranka ya daɗe?"

"Tana hanya tun ranar Talata. Ta wata ce Hansatu Barmo. In aka kira azahar ba ta iso ba, za mu goge ta."

"Amsar za ku goge?"

"Hansatun."

Ya faɗa ne kamar mai faɗin farashin gishiri. Na ce zan je in taho da amsar da kaina. Ya ce babu laifi, amma ba a fita sai da kalmar sirri. Na faɗi ranar haihuwata, ƙofa ta yi shiru. Na faɗi sunan mahaifiyata, ta yi ja. Ɗaya daga cikin akuyoyin ta ɗago kai ta ce ba kalma ake so ba, ƙamshi ake so. Na rufe ido na tuno ajinmu na shekarar farko, allo da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma, da ƙosan da ɗan ajinmu Lado yake ɓoyewa a aljihu. Ƙofa ta buɗe.

Na faɗo cikin laburare. Ba shi da bango, ba shi da mai gadi. Littattafai ne rataye a jikin bishiyoyin mangwaro, kowa yana tsinka, kuma da an tsinki ɗaya sai wani irinsa ya tsiro a wurin. Wani mahauci yana karanta darasina na zaizayar ƙasa, ya sa wuƙa a shafi na tara don kada ya manta inda ya tsaya. Wata tsohuwa daga Maraɗi ta gyara mini wata taswira da gawayi. Na duba, ita ce da gaskiya.

A gindin bishiyar ƙarshe na tarar da Malam Ilu, wanda ya koya mini wannan fanni. Shekara goma sha tara da rasuwarsa. Yana zaune a kan teburinsa na da, yana kaɗa ƙafa, hannun rigarsa fari fat da alli. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tanimu, ka yi furfura."

"Na yi, Malam."

"Ba ta yi maka kyau ba. Zauna."

Na zauna a ƙasa kamar yadda muke yi in kujeru sun ƙare. Ya nuna mini wani reshe. Littafin nan ne mai koren bango, wanda yake kullewa a aljihun tebur. Kwafi ɗaya ne a duk jami'ar. Mu talatin da huɗu muke bin layi, kowa kwana ɗaya, ka kwafa da hannu har yatsunka su sage. Ni ranar Alhamis ta faɗo mini, kuma ranar ce aka ɗauke wuta. Yanzu ga shi nan ya yi 'ya'ya cunkus, har wasu sun faɗo ƙasa.

"Malam, ba ka jin haushi? Abin da ka tsare shekara da shekaru, ga shi kowa yana ɗiba kyauta."

"Don ɗaya ne na kulle shi. Da ina da bishiya, ai da na huta da yawo da makulli." Ya karkaɗe hannu. "Ina za ka?"

Na gaya masa zancen Hansatu.

"Yaya kamanninta?"

Ina ta laluben fuskarta a raina, ya ƙara tambaya.

"Doguwa ce? Tana zama gaba ko baya? In ba ta gane ba, goshi take haɗawa ko biro take ci?"

"Malam, baƙar taga ce. Lambarta tana ƙarewa da sittin da bakwai."

Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce shi ko ya juya baya yana rubutu, da tari yake gane mu. Ya yi tarin Lado. Ya yi na Asabe, wanda take yi in tana son a maimaita. Ya yi nawa, na ji kunya, domin tarin wanda bai yi karatu ba ne. Sannan ya zaro jan biro daga bayan kunnensa ya miƙa mini.

"Akwai sauran tawada. Bi ruwan nan har inda ya fi ƙarfi."

Sai ga ni a wani ƙauye a bakin busasshen kogi. A saman wata tsamiya akwai mace zaune a reshe, da goyo a bayanta, ta ɗaga waya sama da hannu ɗaya. Ganye ya rufe fuskarta.

"Hansatu Barmo?"

"Na'am, Dokta. Ka yi haƙuri ban sauko ba, a nan kaɗai ake samun sabis."

Ta ce malamar firamare ce a garin, aji huɗu da aji biyar duk nata ne, sai an tashi yara take hawowa ta saurari darasina. Shekara uku ke nan. Ta ce ta san muryata har in ina mura.

"To me ya riƙe amsarki?"

Ta nuna ƙasa. Amsar tana gindin bishiya, ta naɗe ƙafa kamar jakin da ya ƙi tafiya.

"Tambaya ta goma sha bakwai ce, Dokta. Ka ce a wane wata kogunan yankinmu suke ƙafewa. Ka ba da zaɓi huɗu, na san Maris kake so. Amma wannan kogin shekara biyar ke nan tun Janairu yake ƙafewa. Ni nake ɗiban ruwa a cikinsa. Na nemi inda zan rubuta haka, babu wuri. Na danna Maris, amsar ta ƙi tashi."

Na tuna inda na samo Maris ɗin. Daga littafin nan ne mai koren bango, da rubutun hannuna na wancan daren Alhamis. Ban taɓa zuwa na dubi kogin ba.

Daga nesa na ji ladan yana gyara murya. Na tsuguna, na soke Maris da jan biro, na rubuta Janairu, na sa hannu a gefe. Amsar ta miƙe ta karkaɗe jiki. Ruwan da ke hawa sama ya ɗauke ta, muka bi ta da kallo har ta shige gajimare. Wayar Hansatu ta yi ƙara. Ta karanta mini: "An karɓa."

Ta sauko a hankali saboda goyon. Gajeriya ce, da tabon ƙuna a haɓa, kuma biro take ci.

Sai ga mu duka a tsohon ajinmu, mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Baƙaƙen tagogin nan suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, mutane suna fitowa daga ciki suna gyara zama, wani da kakin aiki, wata da garin tuwo a hannu. A tsakaninsu ga 'yan ajinmu na da, da waɗanda suke raye da waɗanda muka kai makwanci, kowa da ƙuruciyarsa. Lado ya matsa mini wuri. Hansatu ta zauna a layin gaba. Malam Ilu ya buɗe rajista ya lashi yatsa ya fara kiran suna, kowa yana amsawa. Ya kira Sa'idu. Ya kira Salamatu. Ya kira Talle. Ya ɗago ido ta saman tabarau ya dube ni, na cika ƙirji da iska zan amsa sunana.

Sai mai ruwa ya buga ƙofar gida da jarka, yana tambaya ko guda nawa za a sauke yau. Na buɗe ido bakina a buɗe, matata tana ce masa huɗu.