Kunun Kanwa a Gonar Malam Baƙo

A shekarun da motocin gyaɗa ke jerin gwano daga Gwarzo zuwa Kano, babu wanda ya kai Datti na Lakwaya ɗaga hanci. Kakanninsa makiyaya ne. Shanun da suka rage masa ba su isa a kira su garke ba, amma fulakon da ya gada ya ishi gari guda.

Shi ne ya fito neman auren Zubaidatu, bazawara, 'yar Malam Baƙo na Garo. Uban ya ce ba zai yi mata zaɓi ba. Sai dai Datti ya kawo gayyar cirar gyaɗa kamar yadda masu neman aure ke yi, in an tashi aiki ita za ta faɗi abin da ke ranta. Kuma gaskiya ranar gayyar da safe ranta na wurinsa, don dogo ne, ga iya riƙon fartanya.

Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi tauri, rana kuwa kamar ta fasa kai. Kafin azahar rigunan maza sun yi fari fat da gishirin gumi. Zubaidatu da mahaifiyarta Inna Fatsuma suka sauke masakin kunun kanwa da tulun ruwa a gindin ɗorawa. Kowa ya yar da fartanya ya nufo inuwa, ban da gogan naka.

Inna Fatsuma ta ce, "Datti, zo ka jiƙa maƙoshi."

Ya sunkuyar da kai. "Alhamdulillahi, Inna, a ƙoshe nake."

A ƙoshe da me? Leɓensa ya bushe har ya tsage. Wai shi mai kunya, ba ya haɗiyar ko ruwa a gaban surukai. Masu wayo a irin wannan hali sukan ɗauki ƙwarya su zagaya bayan harawa, kowa ya yi kamar bai gani ba. Shi so yake a gan shi bai sha ba. Har Zubaidatu ta ji yana gaya wa abokinsa Jalo, da muryar da ba ta raɗa ba, "Mu a gidanmu shanu ake ba kanwa." Ta dube shi, ta ji wani abu ya fice mata daga rai.

Aka koma aiki. Ta zauna tana tsinkar gyaɗa tana kallonsa. Ya cije haƙora gam don kada a ji nishinsa, jijiyoyin wuya sun miƙe, yana ta sara kamar ƙasar ce ta zage shi. Wannan ai ba jarumta ba ce, wauta ce aka ɗaura wa rawani.

Ana dab da la'asar sha-raɓarsa ta dunƙule kamar curin fura. Ya yi tsalle ɗaya ya zube a kan kunya, ɗaya ƙafar ma ta ɗaure. Ya so ya ce ba komai, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, sai gurnani da yawu.

Jalo ya fara ihu. "Iska ce! An yi masa jifa!"

Inna Fatsuma ta ce, "Iskar me? Gumi ne ya kwashe gishirin jikinsa, bai mayar ba. Ku miƙar masa da ƙafafun."

Aka danne shi ana jan ƙafa. Inna Fatsuma ta murza masa muƙamuƙi da man gyaɗa har baki ya ɗan saki, ta barbaɗa gishiri a sauran kunun. Mutumin da ya kasa kurɓar ruwa a gaban suruka, sai ga kansa a kan cinyarta tana ɗura masa da ludayi, yana haɗiya kamar maraƙi. Ya shanye bai rage ba, har yana bin ludayin da ido. Da ƙafa ta lafa aka aza shi a jaki.

Da yamma Malam Baƙo ya kira 'yarsa zaure. "To, Zubaidatu, kin ga aikinsa. Ya kusa halaka kansa dominki. Me zan gaya wa mutanensa?"

Ta gyara mayafinta ta dubi uban.

"Ba domina ba ne, Baba, don idon mutane ne. Marigayi mijina haka ya yi mini. Ciwo na cinsa, kullum na tambaya sai ya ce lafiya lau, don kada a ce ya yi raki. Ban san komai ba sai da na wayi gari cikin takaba. Ka ba su haƙuri. Na binne mai cije baki ɗaya, ba zan ƙara ba."