Waldar Sabiru

Leburorin sun riga sun kwantar da tukunyar gas ɗaya a ƙasa, suna shirin mirgina ta zuwa ƙofa, sai ga Rahamatu ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa suka miƙar da ita tsaye, ta murɗa mata murfin ƙarfen da ke kare bakinta, sannan ta nuna musu keken da ake ɗaukar irinta. Ta ce musu idan bakin nan ya karye, tukunyar na iya fasa bango ta fice.

Kwalejin da take aiki a Kazaure ce ke mayar da ɗakin gwaje-gwaje zuwa sabon gini, ita kuwa ce mai kula da kayan ɗakin. Maɗauran ƙarfen da ke riƙe da tukwanen a tsohon bango, mijinta Sabiru ne ya yi waldarsu tun suna sababbin aure. Daga baya ya tafi Nijar neman aiki wajen masu haƙar zinariya. Da farko yakan kira kullum, sai kiran ya ja baya, daga ƙarshe ya ɗauke ɗif. Shekaru suka shuɗe. Yayanta Yakubu, can Roni, ya gaji da lallashi, ya ce bayan Sallah zai kai ta gaban alƙali a raba auren. Ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Mai waldar da aka ɗauko, Malam Daudu, dattijo ne mutumin Ɓaɓura. Ya riga ya kafa sababbin maɗaurai a sabon gini, yau ya zo yanke tsofaffin. Rahamatu ta roƙe shi kada ya kunna wuta sai an fitar da tukunyar ƙarshe. Ya ajiye kayansa ya tsuguna yana jira, yana shafa ɗinkin waldar da babban yatsa. Can sai ya matsa kusa ya ƙura ido.

"Malama, wa ya yi miki wannan aikin?"

"Maigidana ne."

"Sabiru? Ɗan Roni?"

Ta dafa tebur. Daudu ya ce Sabiru kaɗai ya sani da ke komawa kan walda ya lanƙwasa ƙarshenta haka. Bara suka yi aiki tare a Agadas, suna gyaran tankunan ruwa na motocin da ke shiga sahara. Ya ce furfura ta fara fito masa a gemu, yana kuma ɗan ɗingishi, amma hannun nan yana nan yadda yake.

Tambayoyi suka cika mata baki: inda yake kwana, abin da ya sami ƙafar, ko akwai wadda ke dafa masa abinci. Guda ɗaya ta iya fitarwa.

"Yakan yi zancen gida?"

Daudu ya ce, "Sau ɗaya ya ce matarsa ma'aikaciya ce a Kazaure. Bai ƙara ba, ni ma ban tona ba."

Aiki bai tsaya ba. Ta bi keke zuwa sabon gini, ta ware tukwanen oksijin can nesa da masu kama wuta, ta raba cikakku da waɗanda suka ƙare, ta hana a ajiye ko ɗaya inda rana ke faɗowa ta taga. Bakinta na ba da umarni, zuciyarta na wani gari da ba ta taɓa gani ba, tana ƙoƙarin sa wa fuskar da ta sani furfura.

Tana riƙe da tukunyar ƙarshe da hannu biyu, lebura na zagaya mata sarƙa, Daudu ya shigo da wayarsa a hannu. Ya ce yana da lambar mai shagon da suka yi aiki a Agadas, kuma war haka Sabiru ba ya nisa da wurin.

"In kira?"

"Bari a ɗaure wannan tukuna, Baba."

Lebura ya maƙala sarƙar ya fita. Rahamatu ta ja ta, ta ji ta kama tamau. Ta sake ja. Daudu na tsaye a bakin ƙofa da wayar a hannu. Ita kuwa ta matsa ga tukunyar da ke gefe, wadda ta riga ta duba tun ɗazu, ta kama sarƙarta.