Fiyanon da Mamuda Ya Zaɓa

Mamuda mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, amma in aka yi biki shi mata ke nema ya kaɗa musu fiyano. To, saura kwana kaɗan bikin ƙanwarsa Hanifa a Birnin Tudu, tsohon fiyanon nasa ya yi shiru, ya ƙi tashi. Ga shi ya yi wa yarinyar alkawari shi zai yi mata kiɗan wuni.

Ya ja abokinsa Ɗan Asabe suka tafi shagon Imran mai kayan sauti. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya, Imran ya sauko da wani ƙato mai sheƙi.

"Wanga shi manyan makaɗa ke riƙewa. Dubi sunan kamfanin."

Ɗan Asabe ya ce, "Ɗauka kawai! Ko ba ka taɓa shi ba, a san ka iso."

Mamuda dai ya ce a ba shi tabarma. Shi fa bai iya kiɗa a tsaye ba. Yadda yake zama gaban gungumen sara nama, haka yake tanƙwashe ƙafa ya ɗora fiyano a cinya. Ya ɗora ƙaton, gwiwoyinsa suka amsa. Ya danna, ya ji tauri, nan take wuyan hannunsa na dama ya soma zogi, don saran ƙashi ya daɗe da cin wurin.

"Da wanga, kafin la'asar hannuna ya mutu. Miƙo min wancan na lungu."

Na gwanjo ne, ƙarami, sunansa ma ya goge. Ɗan Asabe ya fashe da dariya.

"Haba Sarkin Fawa! Da wanga abin wasan yara za ka shiga gidan surukai?"

"Kai za ka kaɗa ko ni?"

Mamuda ya ɗora shi a cinya, ya zauna daram. Yatsunsa suka bi kai ba gardama, har mai sayar da fura da ke wucewa ta tsaya a bakin ƙofa tana gyaɗa kai.

Ranar wuni kuwa, tun azahar Mamuda ke zaune a tabarma yana kiɗa. Mata suka yi ta juyi, tsofaffi na guɗa. Da rana ta yi sanyi Hanifa ta leƙo daga cikin mayafi.

"Yaya, hannun fa?"

"Lafiya lau. Faɗi wadda kike so in ƙara."